Zomon da Ya Rage wa Tsawa Murya

Duk layin ba mai kiransa da sunan yanka, Tsawa ake ce masa. Kafinta ne. Tun yana saurayi yake cikin ƙarar zarto da guduma, har kunnensa ya yi nauyi, murya kuma ta yi sama abinta. In ya gaida maƙwabcin shagonsa, mai gyaran takalmi na ƙarshen layi ne ke fara amsawa. Matarsa ta daɗe da haƙura, takan ce ita ba ta taɓa jin sirri a bakinsa ba, sai dai sanarwa. Amma fa zuciyarsa taushi gare ta, yaro ya yi kuka a gabansa sai ya rasa inda zai sa kansa.

Da aka kwantar da autarsa a asibiti za a yi mata aiki a ƙafa, uwar ta tafi jinya, aka bar shi da gida da farin zomon yarinyar, Auduga.

"Baba, don Allah ka kula min da shi," in ji Auta. "Zomo in ya daina ci, ba ya daɗewa."

"Ɗan wannan abin? Kwantar da hankalinki," ya ce, har sai da ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta roƙi a rage murya.

Ai kuwa zomo ya daina ci. Da ya ji takun Tsawa sai ya doka ƙafar baya a ƙasa, ya shige ƙarƙashin gado, ya lafe. Tsawa ya zura hannu ya zaro shi, ya ɗaga sama yana rarrashi, irin rarrashin da ke girgiza taga. Zuciyar ɗan dabbar na ta bugawa a tafinsa kamar za ta fito.

Shi kuwa abin da ya sani shi ne aikin hannu. Ya ƙera masa ɗan gida na katako, ya goge sumul, ya sa ƙofa har da sakata. Ya saka shi ciki, zomo ya cusa kai a kusurwa, ganye ya yi yaushi a gabansa.

Da safe Auta ta kira. "Baba, ya ci?"

"Zai ci," ya ce. Tsoro ya kama shi sosai, don bai san da wane baki zai gaya mata ba in abin ya lalace.

Ranar bai buɗe shago ba. Ya zare sakatar gidan zomon, ya zauna a ƙasa ya rasa abin yi. Can sai ga zomo ya sulale ya shige wani tsohon kwali da ya yage gaba da baya. Ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can, sannan ya kwanta.

Ashe ƙofar gudu yake nema! Tsawa ya lallaɓa ya ɗauki gidan katakon ya kai shago, ya huda masa ƙofa ta biyu, ya cire sakatar ya jefar. Abin ya yi masa ciwo, don aikin ya yi kyau. Ya dawo ya shimfiɗa tsohuwar rigar Auta a ciki, ya ajiye ruwa da ɗanyen ganye. Sai ya rage mai wuyar: ya miƙe a ƙasa, ya kama bakinsa. Tari ya taso, ya haɗiye. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya ƙyale shi.

Rana ta yi sanyi kafin ya ji wani ɗan ɗumi a gwiwar hannunsa. Auduga ne ke shinshinar garin katakon da ke rigarsa. Ya zagaya, ya shiga ta ƙofa ɗaya ya fita ta ɗayar, sannan ya ja ganye.

Waya ta yi rawa a aljihu. Tsawa ya ɗauka.

"Baba? Kai ne? Me ya sami muryarka?"

"Yi a hankali, Auta," ya raɗa. "Yana ci."

Ya miƙa wayar kusa da zomon, ta ji ƙurus-ƙurus. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Can ya jiyo uwar tana cewa, "Tun aurenmu nake fama da muryar nan, ashe zomo ake jira."

Dariya ta taso masa har wuya. Ya toshe baki da hannu biyu, don Auduga bai gama ba.