Furen Umma da Bututun Mukayyif

A sutuh ɗin gidanmu, wato saman soro, a unguwar Hindawiyya ta Makka, Sitti mahaifiyar Ummanmu take yi mana tatsuniya. Bayan Magariba za ta hura gawayi a kasko ta ɗora shayi, ni da yayana Sa'idu mu zauna tsakanin gwangwanayen madara da ta shuka rihan da lalle a ciki. Ruwan alwalarta take tara musu a kwano, shi ma ba ta zubawa sai ta tura yatsa ta ji ƙasar ta bushe ƙarau.

"Ga ta nan, ku matso. Kai Sa'idu, fitar min da hannu daga wuta."

Wani fure ne, in ji ta, ya tsiro a tsagar dutse, jajawur, lafiyarsa ƙalau. Wani attajiri ya gan shi ya ce, "Wayyo, ƙishirwa za ta kashe ka!" Ya tumɓuke shi ya kai gida, ya sa barori suna kwarara masa ruwa safe da yamma. Furen ya ce, "Ranka ya daɗe, mayar da ni cikin tsakuwata." Attajiri ya ce, "Kai me ka sani?" Haka saiwar ta ruɓe.

Na ce, "Sitti, mugu ne?"

"A'a, ya binti. Kunne ne ba shi da shi."

Sa'idu yana zaune a wajen. Wallahi da kunnensa ya ji. Shi ya sa yau raina yake tafasa.

Da Abba ya rasu, Allah ya jiƙansa, Sa'idu ya ɗauke Umma ya kai ta shikkarsa, wato sashensa na gidan bene, a unguwar Shisha, wai ta huta. An hana ta girki, an hana ta wanke ko finjali, an ɗauko mata shaggala, 'yar aikin da ke bin ta har ƙofar banɗaki. Abu ɗaya ya rage mata: wani fure da 'yata ta samo mata, penstemon sunansa, mai dogayen furanni kamar bakin algaita. Ba ya son komai sai tsakuwa, rana kaɗan, da a ƙyale shi ya bushe. Umma ta raine shi da ruwan alwala a barandar gidan, duk lokacin sanyi har ya fara toho.

Sai Sa'idu ya gan ta sunkuye da kwano. Washegari ya ja bututun da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗigar da ruwa ya soka a tukunyar. Mukayyif a Makka yaushe yake hutawa? Umma ta ce a cire, ya ce, "Khalas, ya Umma, na sauƙaƙa miki." Da na je na tarar da karan ya yi baƙi, ƙasar tana wari, ita kuwa tana kwance da rana tsaka, ta juya wa ƙofa baya. Ta rame. Matar da take ɗaukar tukunyar walima ita kaɗai!

Na san neman albarka yake, kuma na yi istigfari kan maganar da ta zo min baki. Amma biyayyar da ba ta sauraron uwa, wa ake yi wa?

Na ce, "Umma, me kike so?"

Ta ce, "A bar ni in dafa miyar kuka."

Sa'idu ya shigo ina naɗe mata abaya cikin jaka.

"Ina kuma za ki kai ta? Gidanki hawa uku, babu lif!"

"Yaya, za ta hau. In ta gaji ta zauna a matakala."

Umma ta riga mu isa ƙofa.