Ɓargon Da Na Bayar, Jinin Da Na Hana

Ranar kasuwar Kurfi, bayan azahar, ma'aikacin gidan waya na Dutsin-Ma ya tsaya da babur a ƙofar gidanmu, riƙe da tangaraho daga Ingila. Yayana Malam Hamisu, malamin gona, ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ƙaro ilimi ne ya kai shi can, sankarar jini ta kwantar da shi. Likitoci suka ce sai an dasa masa ɓargon ɗan'uwa, nawa ya dace. Na je, na bayar, na dawo ina cika majalisa da labarin sadaukarwata.

Shi bai san alfahari ba. Manoman rani na Zobe sun saba ganinsa tsugune a bakin rafi, yana zana musu bayani a ƙasa da tsinke. Yakan ce mini, "Auta, rage Larabcin nan, mutane kake wa magana, ba allo ba."

Bayan dashen, wata ƙwayar cuta ta kama huhunsa, sabon ɓargon bai yi ƙarfin kare shi ba. Likitoci suka rubuto cewa jinina ya san wannan cuta. Suka nemi in koma su tace ƙwayoyin da ke yaƙar ta, su zuba masa. Gwaji ne, amma ba su da wata dabara. A makon ne kuma ake tantance ma'aikata a sabuwar jiharmu, ni kuwa ina cikin masu neman aiki.

Inna ta ce, "Auta, me takardar ta ce?"

Na ce, "Nazariyya ce, Inna, marar tabbatacciyar hujja."

"Ni dai, za ka ko ba za ka ba?"

"Sai an zurfafa bincike."

Ta bar maganar, domin ni ne mai digiri.

Na sami aikin. A wasiƙarsa ta ƙarshe bai ambaci rashin zuwana ba. Cewa ya yi, "Barka da aiki. Ka leƙa mini tumatirin mutanen Zobe, ko tsutsa ta ƙyale shi."

A zaman makoki, wani dattijo mai hatsi ya ɗaga hannuna yana cewa, "Jama'a, ga wanda ya ba da ɓargonsa!" Ban iya ɗaga kai ba. Ko zuwana zai tsawaita kwanansa, Allah ne masani. Dalilin ƙin zuwana kuwa, ni na sani, kuma ba ilimi ba ne.

Allah Ya gafarta wa Yaya Hamisu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Hajara haƙuri, Ya raya 'ya'yansa bisa halinsa. Ni kuma ku taya ni roƙo: jiya na faɗa wa Inna abin da takardar ta ƙunsa, har yanzu ba ta ce mini komai ba.