Dutsen Kaka da Ƙyasfin Wuyana

Ranar jajiberin Ƙaramar Sallah ce, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Ina zaune tsakanin ƙafafun Inna a tsakar gidanmu, a wani ƙauyen masunta na bakin tafkin Kainji can wajen Ngaski, tana yi mini kitso, ina haɗiye kuka don kada ta ƙara jan gashin. Ta danƙwafar da kaina za ta kama na ƙeya, sai na ji hannunta ya tsaya. Ta lashi yatsa ta goga bayan wuyana, ta sake gogawa, abin bai fita ba. Ƙyasfi ne ya yi mini sallama ana gobe Sallah, fararen tabo zagaye-zagaye, ga shi rigar da aka ɗinka mini mai faɗin wuya ce. Inna ta saki wuyana. Ɗaga kai ta yi ta ƙura wa wani dutse ido a gindin rumbu, irin kallon da ake yi wa ɓarawon da aka kama da kaya a hannu.

Dutsen niƙan Kaka ne, mahaifiyar Baba. Da shi aka kai ta ɗakin miji a wani gungu, wato tsibiri, na tsakiyar Kwara, kuma da aka tare ruwa a Kainji gungun zai nutse, shi ta fara sa wa a jirgi kafin tukwane. An ce sai da aka sauke akuya don a sama masa wuri, akuyar ta biyo jirgin maƙwabta. Da injin niƙa ya zo garinmu aka kife shi a gindin rumbu, rana na dukansa damina na wanke shi, har wasu tabo suka fito a bayansa, fari-fari da toka-toka, manne da shi ƙam, ba ganye ba saiwa, farce ba ya ɓamɓare su. Irinsu ne birjik a duwatsun bakin tafki, can sama inda ruwa ba ya kaiwa ko ya cika. Kaka furfurar dutse take ce musu, wai shi ma ya ga duniya. Ni kuwa a kansa nake cin tuwo, a kansa nake tsinkar zogale, a gefensa muke 'yar carafke da ƙawayena har a kira magariba.

A gidanmu suruka ba ta sa-in-sa da suruka, akwai kunya. Don haka tukunya Inna ta gaya wa, da muryar da za a ji a zaure: "Dutsen ga shi ya shafa wa yarinya ƙyasfi. Bayan Sallah ruwa za shi." Kaka kuma ta watsa wa kaji tsaba ta ba su amsa: "Ranar da ya tahi, ni ma Shanga za ni wurin ɗiyata." Tukunya da kaji ba su ce uffan ba, ni ce abin ya dama. Ɗakina ɗaya da Kaka, ita ke ɓoye mini soyayyen warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin tafki, a ƙarƙashin faifai, bayanta nake laɓewa in Inna ta ɗauko tsumagiya. Ban san yadda ake zama a gida babu ita ba, kuma ba na son in sani. Baba, da ya kamata ya raba gardama, sai ya gano cewa kifi ya koma fita da sassafe, ya riƙa sulalewa tafki kafin kowa ya buɗe baki.

Na yi Sallah naɗe da mayafi har haɓa, ana zafi ina cewa sanyi nake ji. Washegari na yanke shawara: in dutsen ya warke, ba mai jefa shi. Na ɗebo toka da sabulun salo da soson buhu na hau dirza. Hannuna ya yi ja, tabon bai ko gezau ba, sai ma da ya sha ruwa ya rikiɗe ya koma kore-kore kamar an tashe shi daga barci. Inna ta leƙo ta gaya wa murhu cewa ga shi nan an taɓa shi ya fusata. Daga nan na koma raba magani. Baba ya sayo mini wani man shafawa a kemis a Yelwa, sai na riƙa yin adalci, lakuta ɗaya a wuyana, ɗaya a dutse. Man ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Abin haushi, wuyana yana nan yadda yake, amma inda na shafa wa dutsen ya yi baƙi ya mutu murus. Na je da murna na nuna wa Inna, ban san hujja na kai mata ba, don abin da maganin ƙyasfi ya kashe ai ba sai an tambayi sunansa ba.

Da aka koma makaranta na tsinci ɗan dutse mai irin tabon a bakin tafki na kai wa Malam Bitrus, malaminmu na kimiyya, mutumin da ko ƙwaro ka kai masa sai ya yi maka godiya. Ya fito da wani gilashi mai ƙara girman abu ya ce in leƙa. Na ga abin a tsattsage kamar busasshen laka na fadama, da 'yan ɗigo baƙaƙe masu kama da ƙananan ƙoƙuna. Ya ce rayayye ne, kuma halittu biyu ne suke zaman tare. Ɗaya dangin funfuna ce, wadda ke fitowa a kwantan tuwo, ita ke kama dutse ta yi rumfa ta riƙe laima. Ɗaya dangin gansakuka ce, tana ciki a ɓoye tana haɗa musu abinci da hasken rana, ita ce koren da na gani da na zuba ruwa. Raɓa da ruwan sama sun ishe su, in rani ya yi su ƙame su jira. A shekara da ƙyar su faɗaɗa kamar ƙwayar gero, ba sa son hayaƙi, ba sa son a dame su, kuma duk kulawar da suke nema ita ce a ƙyale su inda suke. Ba sa hawa jikin mutum ko kusa. Ina ma ya tsaya a nan. Amma Malam Bitrus ba ya iya barin gaskiya rabi, sai ya ƙara da cewa shi ma ƙyasfi wata 'yar funfuna ce ke kawo shi, mai son gumi, dangi ce ta nesa ƙwarai.

Na dawo gida a guje na zazzage wa Inna karatun duka, har da wutsiyar. Ta saurari batun rumfa da girki ba ta ɗago ba, amma ina ambatar dangi ta ajiye muciya. "Ashe dangi ɗaya suke. Yo mi ya rage?" A garinmu ba a san dangin nesa ba, wanda kakanninku suka taɓa haɗa jirgi ma in ya zo sai an shimfiɗa masa tabarma. Ranar nan ta tare Baba a ƙofa kafin ya zille, aka tsayar da magana, Asabar za a kai dutse tafki.

Asabar da hantsi Kaka ta fito da ƙunshin kayanta ta ajiye a ƙofar ɗaki, ta zauna a kai tana jan carbi. Ni ina rungume da turken rumbu ina kuka ba sauti. Baba ya zagaya dutsen ya sake zagayawa, ya dubi uwa ya dubi mata, ya ga ba mafita, ya tuɓe riga ya sunkuya zai ciccibe shi. Sai ga bayansa a fili cikin rana, daga kafaɗa har ƙugu fari fat da ƙyasfi, nawa ko almajirinsa bai kai ba. Kafaɗun nan kuwa su nake hawa kullum in zai kai ni bakin ruwa, da tawul ɗinsa nake goge jiki. Kaka ta dubi bayan ɗanta a tsanake, sannan ta juya wajen kaji ta ce, "Ku shaida, wanga yaro bai taɓa zama bisa dutsena ba. In mai ƙyasfi aka jefawa ruwa, a hwara da babban." Inna ta juya mana baya ta fuskanci tukunya, tana ƙunshe dariya. Can ta goge ido da bakin zane ta ce wa tukunyar, "Wanga ko an jefa shi, iyo zai yi ya dawo cin tuwo." Baba ya maida rigarsa da sauri ya tuna yana da taru a ruwa.

Haka dutse ya tsira, da sharaɗin kada kowa ya ƙara zama a kansa, wanda dama shi ne abin da mazauna bayansa ke so. Na taya Kaka shigar da ƙunshinta ina ta tsalle, a zatona tsoratarwa ce kawai ta yi. Da muka kwance shi na ga zannuwanta duka, da ƙoƙon shan furarta, a can ƙasa kuma farin yadin da ta daɗe da ajiyewa na likkafaninta. Ban ƙara tsalle ba ranar.

Kaka ta zauna da mu har ƙarshen ranta, daga ɗakinmu aka fitar da ita. Yanzu a Yelwa nake aure, cikin hayaƙin babura da katangun siminti masu fenti, 'ya'yana ba su taɓa ganin irin tabon nan ba sai in mun je ƙauye. Rumbun ya rushe, an yi ɗakin kwano a wurin, amma ginin ya ɗan karkace don Inna ta hana magina motsa dutsen. Ta tsufa, da yamma takan ja tabarma kusa da shi, jika ya matso da tsinke ta kore shi, ta ce na tsohuwa ne a bar mata abinta. Har yau ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Gadi kawai take yi.