Jitar Clarrie

Shekara talatin Merv Tregonning yana gyaran jitar lantarki a garejinsa a nan garin Port Pirie, amma ban taɓa jin ya kaɗa waƙa ɗaya ba, ni Col da nake maƙwabcinsa.

Ƙaninsa Clarrie ne makaɗin gidan. Ana gobe wani bikin aure ya kawo jitarsa, ya ce, "Yaya, canza min maganaɗisun nan na ƙarƙashin tsirkiya, kukansu kamar na tsohuwar akuya." Merv ya sa masa sababbi, ya liƙe wayoyin da dalma, ya ce, "Jeka, sai dai in hannunka ne akuyar."

Washegari da la'asar, a zauren bikin, Clarrie na riƙe da jitar ya kai hannu ga makirufo. Wuta ta ja shi. Kafin a cire fulogi rai ya yi halinsa.

Masu bincike sun ce laifin soket ɗin zauren ne, aikin Merv lafiya lau yake. Merv ya karanta takardar binciken.

Tun daga nan, duk jitar da ya gama gyarawa sai ya sake buɗe ta ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wata rana na ce masa, "Haba Merv, ai ka duba ɗazu."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ranar ma na duba, Col. Ina jin dai na duba."