Cokalina Ya Je Tamale Ya Dawo a Bushe

Kumasi

Ana kiran assalatu na bar gida, cokalin gini da katakon shafe a cikin jaka. Ni magini ne, tun ban da gemu nake ɗora bulo. Amma da aka tashi gina wa mahaifiyarmu sabon ɗaki a Tamale, sai aka bai wa ƙanena Sani, wai kamfaninsu ya kawo injin da ke zuba gini, ba bulo ba magini. Ni kuma aka ce in zo in gani. In gani! Na ce ba komai, bangon inji ma zai so shafe, kuma a shafe babu mai ja da ni a gidanmu.

Kintampo

Mota ta tsaya muka ci soyayyar doya da yaji. Wani falken shanu da ke kusa da ni ya hango cokalin, ya kira ni masa, wato maigida.

"Masa, aiki ka samu a Tamale?"

"Gyara zan yi," na ce. "Yara sun yi wasa da siminti."

A gadar Buipe 'yan sanda suka leƙa mu suka ce mu wuce.

Tamale

Da la'asar na hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, na ce unguwar Dabokpa. Ban gama kwatance ba direban ya ce, "Gidan inji? Kowa ya san wurin." Ni na gina zauren gidan nan da hannuna, ba a taɓa ce masa gidan magini ba.

Na tarar ana zuba hawa na ƙarshe na bangon. Ƙarafa ne a tsaye kamar na rumfar biki, wani bututu yana zagayawa yana matso siminti layi a kan layi. Sani na gefe da kwamfuta, kaftani fari tas, ko ɗigon siminti babu a farcensa. 'Yan unguwa sai "Injiniya, Injiniya" suke yi. Wallahi kishi ya kama ni, har na ture tuwon zafin da aka kawo mini.

Na zagaya ɗakin ina neman karkata, ban samu ba. Amma bangon duk tudu-tudu ne, kowane layi a fili. Sai raina ya yi fari, na ce ga aikina nan.

Washegari da hantsi na fito da cokali na fara jiƙa bango. Sai ga Mma, mahaifiyarmu, tana dogara sanda.

"Iro, me za ka yi?"

"Shafe, Mma. In goge miki wannan kaushin."

"Kai, bar shi!" Ta bi layukan da yatsa a hankali. "Haka ɗakin kakarku yake a ƙauye, zagayayye, hawa-hawa, muna ɗora laka da hannu. Tun da aka kawo ni birni ban sake ganin irinsa ba. Sani ya dawo mini da gidanmu."

Na tsaya da bokiti a hannu. Duk rayuwata irin layin nan nake gogewa don kada a ce ginin ƙauye ne.

Sani ya matso ya rage murya. "Yaya, ka sa mana ƙofa da taga mana. Inji bai iya ba."

Tausayin nan nasa ya fi komai yi mini ciwo. Na dai sa su, don ɗakin uwata ne.

Gida

Na iso Kumasi lafiya bayan magariba. Uwargida ta buɗe jaka ta ɗaga cokalin, ta juya shi, ta dube ni. Ta ga a bushe yake, ta mayar da shi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Mma da cukun wagashi da ta ƙunsa mini. Sani ma na gode masa, amma da ƙyar.