Yaron Gidan Inna

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ciwon kai ya kama ni ya ƙi saki. Muna zaune a Unguwar Kanawa a Kaduna, ni da maigida da 'yan matanmu biyu ƙanana. Shi akawu ne a sakatariya. Ni aikina gida, sai dai a lokacin gidan ma ya fi ƙarfina. In na ɗora tukunya sai in zauna ina kallon ta har ta kama. Barci ya guje ni. Ƙaramar takan zo ta jingina da ni, in ji ta yi mini nauyi kamar turmi.

Babu abin da ba a yi ba. Na sha rubutu har harshena ya yi baƙi, malamin unguwa ya yi tofi, maƙwabta suka yi ta kawo saiwoyi da hayaƙi. A asibiti aka ɗebi jini, aka haska ƙirji, aka ce lafiyata ƙalau. Wannan ƙalau ɗin ta fi komai ɓata mini rai. Kana jin kanka zai rabe biyu, wani mai farar riga yana ce maka ƙalau kake.

Maigida ya gaji, ban kuma ga laifinsa ba. Wata rana yana cin tuwon da ya ƙone ya ce, “In abin nan bai yi sauƙi ba kafin azumi, Zariya za ki tafi Inna ta yi jinyar ki. Yaran su zauna wurin ƙanwata a Doka.” Ba na son rabuwa da yarana, kuma duk duniya babu inda nake tsoron shiga kamar gidan Inna, mahaifiyata.

Likitan ƙarshe da muka gani shi ya tura mu wurin wata mata a ɓangaren masu taɓin hankali. Ya ce ba ta ba da magani, sauraron mutane take yi. Ranar da muka je, maigida ya ajiye basfarsa can nesa a gindin wani mangwaro, wai inuwa yake nema mata. Ni na san tsoro yake kada wani ɗan ofis ya wuce ya gane ta.

Ina shiga na fara naɗe hannun riga, don na saba. Sai na ga ɗakin ba gado, ba warin magani. Kujeru ne kawai da fanka mai ƙara. Matar gajera ce mai tabarau, ba Bahaushiya ba ce, amma a bariki ta tashi, Hausarta ras. Ta tambaye ni inda ke yi mini ciwo, maigida ya amsa. Ta tambaye ni ko ina cin abinci, ya sake amsawa. Sai ta yi murmushi ta ce, “Malam, na ga kai ma kan naka na ciwo. In mun gama da ita sai ka shigo.” Ya fita yana gyara hula.

Ta ce mini, “Malama, a nan ba allura, ba ƙwaya. Magana za mu riƙa yi, duk mako. Abin da kika faɗa a ɗakin nan yake tsayawa, ko maigidanki ba zai ji daga bakina ba. Kuma wata rana za ki fita kin fi yadda kika shigo gajiya, kada wannan ya ba ki tsoro.”

A raina na ce lallai, wato tun daga Unguwar Kanawa aka ɗauko ni cikin rana don hira. Hirar da in na leƙa katanga zan samu har in ture.

Ta ce, “Yaranki nawa?”

Na ce, “Biyu.”

“Yaushe ciwon ya fara?”

“Bayan an yi rasuwa a gida.”

“Wa ya rasu?”

“Wani yaro ne a gidan Innarmu.”

“Allah ya jiƙan shi. Ƙaninki ne?”

Na sunkuyar da kai. Ita kuma ta ɗauka na ce e.

Ba ƙarya na yi niyyar yi mata ba. Haka bakina ya saba. Yaron ɗana ne na fari, a ɗakin Inna na haife shi, da aka yaye shi kuma ta riƙe abinta. Gidanmu gidan kunya ne na gaske. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukar sa a gaban mutane ba. In ya faɗi a tsakar gida, kai nake kawarwa in bar wata ta ɗaga shi. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya. Da ƙyanda ta kama shi, kafin saƙo ya iso Kaduna mu kama hanya har an kai shi. A zaman makoki Inna ake yi wa gaisuwa, ita ke kuka, mata na ba ta haƙuri. Ni ina ta kai ruwa da tabarmi. Da kunnena na ji wata gwaggo tana cewa, “Yarinyar nan akwai kunya, ko ɗigon hawaye.” Har daɗi na ji, na ɗauka na fita kunyar gida.

Haka na yi ta zuwa wurin matar nan. Ban taɓa ganin mai iya shiru irinta ba. Sai ta jefo tambaya ɗaya ta koma ta zauna, fanka na ta ƙara, har shirun ya ishe ni in fara magana don kawai in kore shi. Na ba ta labarin ƙuruciyata, da aurena, da yadda Kaduna ba ta taɓa zame mini gida ba. In na fito sai in ji kamar na wuni ina daka. A bakin mangwaro maigida kan tambaya, “Yau me ta ba ki?” In ce ba komai. “To me ta ce?” In ce ai ni ce mai cewa. Ya girgiza kai ya tayar da basfa. Sau da yawa na so in daina zuwa, sai in tuna Zariya. Ga watan Sha'aban ya kama, kaina kuwa yana nan yadda yake.

Wata ranar da na zo ba ni da abin faɗa, ta ce, “Ba ni labarin ƙanin nan naki.”

Na ce yana da wushirya. Ba ya son takalmi, in an sa masa sai ya ɓoye ƙafa ɗaya a bayan randa. In zai yi dariya sai ya fara rufe ido. Yana cin ɗanwake, amma sai ya tsame duk albasar ya jera a gefen kwano. Ban san na tara waɗannan abubuwa ba. Duk da wutsiyar ido na gan su.

Ta ce, “Kin san shi sosai. Kina nan aka haife shi?”

“Ina nan.”

“Ke kika taya Inna wankan jego ke nan.”

Na ce, “Ni aka yi wa.”

Ta cire tabarau ta ajiye a cinya. Ta dube ni ta ce, “Malama, ki yafe ni. Tun ranar farko gaisuwar ƙani nake yi miki.” Ta gyara zama, ta ja ɗankwalinta gaba kamar wadda ta shigo gidan makoki. “Ya haƙuri? Allah ya jiƙan ɗanki, ya sa mai ceto ne.”

Ita ce mutum ta farko da ta yi mini gaisuwarsa. Kafin in ce haƙuri sai ma'aiki kamar yadda ake amsawa, ta sake tambaya.

“Yaya sunansa?”

Na dubi ƙofa, na dubi taga, kamar gwaggon nan na laɓe. Sannan na faɗa. Ko yanzu ba zan iya rubuta shi ba, amma ranar na faɗa, na kuma maimaita. Kukan da na yi ba mai kyan gani ba ne, har da majina. Ba ta ce in yi shiru ba, ba ta ba ni haƙuri ba, ruwa kawai ta miƙo mini. Da na fito maigida ya dubi idona, bai tambaye ni abin da ta ba ni ba.

Ba zan ce na warke a ranar ba. Kan ya ci gaba da sarawa, na kuma ci gaba da zuwa har bayan babbar salla. Amma na fara runtsawa, tuwo ya daina ƙonewa, maganar kai yara Doka ta mutu ba wanda ya sake tayar da ita. Ana gab da azumi ni da kaina na ce a kai ni Zariya, da yarana, mu kwana biyu mu dawo.

Na tarar da Inna a kan tabarma tana gyaran wake. Randar tana nan inda take. Bayan mun gaisa na tsaya a kanta na ce, “Inna, ɗana da zai tafi, ya ce wani abu?”

Ta ɗago ta dube ni, don ba ta taɓa jin wannan kalma a bakina ba. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ture faifan gefe, ta matsa ta ba ni wuri.

Ta ce, “Ke ya yi ta kira, Yaya, Yaya. Na ƙi faɗa miki ne kada ki yi kuka a gaban mutane.”