Telan da Ƙyallayensa Suka Ba da Shaida

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayin, wanda kowa ke kira Baba Tela, a shekarar 1948 a wani ƙaramin gari na bakin kogi. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Karatun boko bai karɓe shi ba, domin daga aji huɗu ya ajiye alƙalami ya kama allura.

Sana'a da iyali

A 1969 ya buɗe shago a bakin kasuwa, a 1972 kuma ya auri 'yar maigidansa da ya koya masa ɗinki, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. An shaide shi da cika alƙawari, abin da ba kasafai ake yabon teloli da shi ba. Sai dai yana da wata ɗabi'a: duk yadin da aka kawo masa, sai ya yanki ɗan ƙyalle ya liƙa a littafin awo, kusa da sunan mai shi. Matarsa ta sha cewa ɓeraye yake yi wa tanadi.

Shekarun yaƙi

A 1993 mayaƙa suka kwashe maza sittin da uku daga kasuwar, har da babban ɗansa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Bayan shekara tara aka tono ramin da aka zuba su, amma kwamandan mayaƙan da ake tuhuma ya rantse cewa gawawwakin na 'yan tawayen ƙetare ne, ba na mutanen garin ba. Muddin ba a tabbatar da ko su wane ne ba, shari'a ta rushe, iyalai kuma ba su da wanda za su yi wa sutura.

Shaida a kotu

A 2004 ya shiga kotu da buhu biyu na littattafan awo. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana gwada ƙyalle da ragowar tufafin mamatan, har ya tantance mutum arba'in da huɗu. Rigar ɗansa ce ta talatin. Ya karanta sunan kamar yadda ya karanta na kowa, sannan ya nemi a ba shi ruwa. A 2006 aka yanke wa kwamandan ɗaurin rai da rai.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2015 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi kusa da ɗansa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: direba, malamar asibiti, tela mai riƙe da shagon, da autarsu lauya, wadda har yau take bin haƙƙin mutum goma sha taran da suka kai ɗinkinsu wani shago.